Kafin a ɗora mutum a kujerar shugaban wasan kwaikwayo na talabijin

A kowane gidan talabijin, da kowane kamfanin da ke nuna shirye-shirye ta intanet, akwai wata kujera da mai kallo bai san da ita ba. Wanda ke kanta shi ke cewa a yi wannan wasan kwaikwayo a bar wancan. Shi ke ware kuɗi, shi ke amincewa da marubuci da darakta da manyan 'yan wasa, kuma idan zangon farko, wato jerin kashe-kashen farko na shirin, ya ƙare, bakinsa ake jira a ji ko za a ci gaba ko shirin ya mutu ke nan. A ganina bai kamata a ɗora kowa a wannan kujera ba sai wanda ya taɓa ɗaukar nauyin kammala shiri, a cikin kwanakin da aka ba shi, da kuɗin da aka ba shi. Abin da ya fi damuna shi ne hanyar da irin waɗannan mutane ke bi su taso tana toshewa sannu a hankali, kuma masu ikon buɗe ta su ne suka fi jan ƙafa.

Sai an ga abin da darakta ke fama da shi a rana guda kafin a gane dalilin wannan magana.

A tsarin da ake rubuta wasan talabijin, shafi ɗaya yana ba da kimanin minti ɗaya a allo. Shirin da ake cewa na awa guda a tashoshin Amurka masu sa talla, minti 42 zuwa 44 ne, ragowar na masu talla ne, rubutunsa kuma kan kai shafi 50 zuwa 60. An saba ba darakta kwana 7 ko 8 na share fage, sannan kamar kwana 8 na ɗauka. Idan ka raba za ka ga shafi 6 zuwa 8 ne a kansa kowace rana, cikin awa 12 ko kusa da haka, alhali babban fim na silima kan wuni a kan shafi 2 ko 3. Kuma shafi da shafi ba ɗaya ba ne. Mutum biyu suna tafiya suna hira na tsawon shafi uku, ana iya gamawa cikin awa ɗaya da rabi idan 'yan wasan sun haddace maganarsu. Shafi ukun nan, idan mutum shida ne zaune a kewayen teburi suna gardama, sai ya ci rabin wuni, domin kowane ɗaya sai an ɗauke shi yana magana, an ɗauke shi yana sauraro, kuma sai inda idonsa ke kallo ya dace da inda wanda yake kallo yake zaune. Duk lokacin da aka juya kyamara ta fuskanci ɗaya ɓangaren ɗakin, sai masu haske sun kwance fitilu sun sake ɗaurawa, minti 20 ne ko 40 suka tafi. Layi ɗaya kuwa da marubuci ya rubuta cikin daƙiƙa biyar, cewa motoci biyu suka yi karo, yana iya cinye rana sukutum da masu wasan kasada da motar asibiti a tsaye da izinin rufe hanya.

Saboda haka mataimakin darakta na farko ke yanka kowane shafi gida takwas, ya auna kowace fitowa da wannan ma'auni, ya rubuta wa ke cikinta, ina za a ɗauke ta, rana ce ko dare, ciki ne ko waje, sannan ya jera su yadda za a rage ɓarnar lokaci. Ba a ɗauka bisa yadda labari ya zo. Ana tara duk fitowar da ke wuri ɗaya a yi su tare, domin tashi daga wannan wuri zuwa wancan da manyan motoci da janareta da kayan haske yakan ci awa ɗaya zuwa biyu da ba a ɗauki ko hoto ɗaya a cikinsu ba. Dole a bar wa ma'aikata da 'yan wasa hutun awa 10 zuwa 12 tsakanin tashi da dawowa, don haka idan aka makara ranar Litinin, sai lokacin farawa na Talata ya matsa gaba, haka zai yi ta matsawa har ƙarshen mako. Wannan ne ya sa ake tura aikin dare zuwa ƙarshen mako. Idan akwai yaro a cikin wasan, doka ta taƙaita awoyin da zai yi aiki, sai a gina ranar gaba ɗaya a kewayensa.

Kuskuren da sabon darakta ya fi yi sananne ne, kuma kusan kowa sai ya yi shi sau ɗaya. Da safe yana ganin lokaci a yalwace, sai ya ɓata awa uku wajen tsara wani kyakkyawan hoto na buɗe fitowa, a shimfiɗa wa kyamara dogo, a maimaita sau tara. Fitowar da labarin ya rataya a kanta, inda uwa za ta faɗa wa ɗanta gaskiyar da ta ɓoye shekaru, sai ta faɗo a minti 40 na ƙarshe, kowa ya gaji, furodusa yana duba agogo. Sai a ɗauke ta a gurguje daga kusurwa biyu kawai. Ranar da ta isa hannun mai tace hoto, ya ga ta yi tsawo da minti ɗaya, ba shi da wani hoto da zai yanka ya koma kansa: babu hannun uwar a kan teburi, babu fuskar ɗan yana sauraro daga kusa. Ko dai a bar ta da tsawonta a yanke wani wuri mai amfani, ko a datse ta a ga tabon. Akwai kuma tsallake layi, wato a ajiye kyamara a ɗaya gefen layin da ke tsakanin mutum biyu masu magana, sai a allo a ga dukkansu suna kallon gefe ɗaya kamar ba da juna suke ba. Akwai sautin da jirgin sama ya ɓata aka ce a wuce za a gyara daga baya, sai an dawo da ɗan wasa situdiyo bayan wata biyu ya maimaita kukan da ya yi, ba kuma ya fita kamar na farko.

Wanda ya sha wannan wuya, idan ya zama shugaba ya karɓi rubutu ya ji yana son a ƙara wata fitowa a tashar jirgin ƙasa da dare da cunkoson mutane, ya san abin da yake nema: dare guda cur, ɗaruruwan 'yan rakiya da kayan sawarsu, izini, da fitowa biyu ko uku da za a sadaukar a wani wuri don a biya. Yana iya nema duk da haka, domin wani lokaci ta cancanta. Amma zai faɗa tun labarin yana matakin tsari, kafin a rubuta shi, kuma zai faɗi abin da ya yarda a cire. Wanda bai sani ba, ranar da aka gama jera jadawali yake aiko da buƙatarsa, da tunanin gyara ce ta layi biyu.

Aikin furodusa wani ne daban, kuma ba duk darakta ke iya shi ba. Darakta na talabijin, musamman a dogon shiri, baƙo ne: ya zo, ya yi kashinsa, ya tafi. A yarjejeniyar ƙungiyar daraktocin Amurka kwana 4 ake ba shi ya miƙa tacewarsa ta shirin awa guda, daga nan sai ta koma hannun furodusa, sannan kamfani, sannan tasha. Furodusa shi ke nan daga farkon zango zuwa ƙarshensa, kuma yawancin lokaci abu huɗu ne a gabansa a rana ɗaya: kashin da ake rubutawa, wanda ake share wa fage, wanda ake ɗauka, da wanda ake tacewa. Shi ke sanin cewa ɗakunan da aka gina a situdiyo, ofishin 'yan sanda ne ko ɗakin asibiti ko falon gida, ana raba kuɗinsu ne a kan dukkan kashe-kashen zango, don haka duk shafin da aka rubuta a cikinsu riba ne. Shi ke cewa kashi na 9 a tsare shi gaba ɗaya a cikin waɗannan ɗakuna da manyan 'yan wasa kaɗai, domin a tara abin da za a kashe a kashi na ƙarshe. Yana ajiye kusan kashi 10 cikin 100 na kasafi don abin da ba a zata ba, kuma ya san idan ya taɓa wannan ajiya a makon farko, ruwan sama ko ciwon jarumi a mako na bakwai zai same shi hannu wofi.

Babu abin da ke cinye kuɗin shiri kamar makarar rubutu, kuma wannan ne darasin da ya fi wuyar shiga kan wanda bai zauna a ofishin furodusa ba. Idan rubutu ya zo kwana biyu kafin ɗauka maimakon mako biyu, mai neman wuraren ɗauka zai karɓi duk inda ya samu a farashin da aka yanka masa. Kafintoci za su kwana suna gini a kan kuɗin ƙarin lokaci. Mai zaɓen 'yan wasa zai ɗauki wanda ya samu a sake. Mataimakin darakta ba zai iya haɗa fitowar kashi biyu da ke wuri ɗaya ba, sai a je wurin sau biyu. Kuma sau da yawa ba marubuci ne ya jawo makarar ba. Rubutun ya kwana goma a teburin shugaba yana jiran gyara, ko gyaran ya zo daga mutum huɗu, biyu na cewa a sassauta jarumar, biyu na cewa a ƙara mata zafi. Haka abin yake a ƙarshen aiki. Da zarar an rufe tacewar hoto, mai kiɗa ya auna kiɗansa da daƙiƙa, mai haɗa sauti ya jera komai, mai gyara launi ya gama. Cire daƙiƙa 15 bayan wannan mataki yana nufin a sake buɗe aikin mutum uku ko huɗu. Shugaban da ya taɓa biyan wannan kuɗi daga kasafinsa ba ya jira sai an rufe kafin ya kalla.

Tarihin wannan sana'a yana da misalan da suka nuna yadda tsanin hawa zuwa wannan kujera ke aiki. Sydney Newman ɗan Kanada ne, ya koyi aiki a hukumar fina-finan ƙasarsa, ya wuce gidan talabijin na CBC, a 1958 kamfanin ABC na Ingila ya ɗauko shi ya riƙe shirin wasannin kwaikwayo na Armchair Theatre, wanda ake yi kai tsaye a wancan lokaci. A ƙarshen 1962 ya koma BBC a matsayin shugaban sashen wasan kwaikwayo. Ya tarar da tsarin da mutum ɗaya ke zama furodusa kuma darakta na shirinsa, sai ya raba aikin: furodusa ya riƙe shiri gaba ɗaya tare da editan labari, daraktoci su riƙa shigowa suna fita. Ya kuma raba sashen gida uku, na wasanni masu zaman kansu, na shirye-shiryen da kowane kashi ke da nasa labari, da na labari mai ci gaba. Wannan gyara ce ta mutumin da ya san inda aiki ke cushewa, domin ya tsaya a wurin.

Daga cikin waɗanda ya janyo akwai Verity Lambert. Ta shiga ABC tana buga takardu, ta zama mataimakiya a ɗakin sarrafa kyamarori, mai riƙe agogo da rubutu tana kiran lambar hoton da ke tafe. A Nuwamban 1958, ana tsakiyar nuna wani wasa na Armchair Theatre kai tsaye, ɗan wasa Gareth Jones ya faɗi a bayan fage ya rasu. Darakta Ted Kotcheff ya duƙufa yana sake tsara ragowar labarin yadda za a kammala ba tare da shi ba, ita kuma aka bar ta da kyamarori tana ba su umarni har aka kai. A 1963 Newman ya ba ta aikin furodusa na sabon shirin Doctor Who tana da shekara 27, ita ce mace tilo a cikin furodusoshin wasan kwaikwayo na BBC a lokacin, kuma mafi ƙarancin shekaru. Da aka ɗauki kashin farko bai gamsar da Newman ba, ya faɗi abin da bai yi kyau ba, ya ba ta dama ita da darakta Waris Hussein su sake. Da ta kawo labari na biyu mai dodannin ƙarfe, irin abin da ya riga ya ce ba ya so, ta tsaya a kan bakanta aka yi, kuma wannan labari ne ya ɗaga shirin. Newman ya amsa daga baya cewa ita ce da gaskiya. Lambert ta zama shugabar wasan kwaikwayo a gidan talabijin na Thames a 1974, ta riƙe kamfanin Euston Films, ta kafa kamfaninta Cinema Verity a 1985.

Abu biyu nake ɗauka daga wannan. Na ɗaya, akwai wurin da yarinya mai buga takardu za ta tsaya kusa da aiki shekara da shekaru tana gani, har ranar da aka buƙace ta. Na biyu, shugaban da ke samanta ya san bambancin kuskuren da ake gyarawa da sake ɗauka da kuskuren da ke nuna mutum bai iya ba, kuma ya san lokacin da zai ja baya ya bar furodusa da hukuncinta. Irin wannan sani ba a samunsa a takardar rahoto.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma ba zan tsallake ta ba. Grant Tinker, wanda da yawa ke sawa cikin fitattun shugabannin talabijin na Amurka, ba darakta ba ne, ba marubuci ba ne. Ta kamfanonin talla da ofishin tsara shirye-shirye ya biyo. Ya shugabanci tashar NBC daga 1981 zuwa 1986, ya karɓe ta tana ƙasan jeri ya bar ta a sama, kuma an san shi da haƙuri da shirin da bai samu masu kallo da wuri ba. Wasan barkwanci mai suna Cheers ya fara a 1982 kusan a ƙarshen jadawalin masu kallo, aka bar shi, ya yi zango 11. Sai dai kafin NBC, Tinker ya shafe fiye da shekara goma yana tafiyar da kamfanin shirya wasanni na MTM, yana sayar wa tashoshi shiri, yana karɓar gyararsu, yana tare wa marubutansa faɗa, yana cike giɓin kuɗi idan abin da tasha ta biya bai isa ba. Bai taɓa cewa a kunna kyamara ba, amma ya ɗauki nauyin kammala shiri sau ba adadi. Shi ya sa sharaɗin da na kafa tun farko ɗaukar nauyi ne, ko ta wace ƙofa mutum ya shigo.

Dole kuma a faɗi cewa tsohon darakta yana iya zama mugun shugaba, ta hanyar da wanda bai taɓa riƙe aikin ba ba zai iya ba. Yana kallon abin da aka ɗauka jiya ya ga ba haka shi zai yi ba, sai ya aika a sake da gilashin kyamara na daban, a matso da kyamara, a cire kiɗa. Gyararsa daidai take a fasaha, don haka da wuya a yi masa musu, kuma a hankali duk shirye-shiryen tashar su koma kama ɗaya, kamar mutum ɗaya ya yi su. Daraktoci masu basira su guje shi, masu cewa to su zauna. Akwai kuma son 'yan zamaninsa, da raina duk salon da ya zo bayan ya bar fili. Aikin shugaba shi ne ya faɗi inda ya daina fahimta, inda hankalinsa ya fita daga labari, inda ya daina yarda da jarumi, ya bar wa masu aikin su nemo magani. Ilimin da ya samo a fili amfaninsa ya san tsadar abin da yake nema da lokacin da ya dace ya nema. Shaun Sutton, wanda ya fara da wasan dandamali ya yi darakta sannan ya riƙe sashen wasan kwaikwayo na BBC daga 1969 zuwa 1981, da ya sauka komawa ya yi aikin furodusa. Ina ganin wannan ɗabi'a ce mai kyau da ya kamata ta zama ruwan dare: a hau, a yi shekaru, a sauko fili a sake jin yadda gyara ke sauka a kan mai karɓarta.

Yanzu ga inda tsanin ya karye. A da manyan gidajen talabijin su ke yin wasanninsu da ma'aikatansu na dindindin. Mutum ya shiga yana kiran 'yan wasa daga ɗakin kwalliya, ya zama manajan fili, a tura shi kwas ɗin daraktoci na cikin gida, a ba shi kashi ɗaya a dogon shiri inda kowa ya san aikinsa kuma kuskurensa ba zai rusa komai ba. A Birtaniya, Channel 4 ta buɗe a 1982 da tsarin sayen shiri daga kamfanoni masu zaman kansu, sannan dokar watsa labarai ta 1990 ta wajabta wa manyan tashoshi su ba irin waɗannan kamfanoni aƙalla kashi 25 cikin 100 na shirye-shiryensu. An samu alheri mai yawa a wannan: muryoyin da tsohon tsari ya rufe wa ƙofa sun shigo, kuma tsohon tsarin ba shi da tsarki wajen wanda yake ɗauka da wanda yake bari a waje. Amma kamfanin da ke haɗa ma'aikata na wata biyar ya sallame su ba shi da dalilin kashe kuɗi ya horar da wanda gobe zai yi wa wani aiki. Horarwa ta zama nauyin kowa, kuma kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido.

A Amurka ta wata fuska abin ya zo. Zango mai kashi 22 makaranta ce, ko da ba a kira shi haka ba. Ana rubutu ana ɗauka a lokaci ɗaya, don haka marubucin da ya rubuta kashi na 6 ana tura shi fili ya zauna kusa da darakta, ya ga layinsa ya ƙi fita a bakin ɗan wasa ya gyara nan take, ya shiga ɗakin tacewa ya ga fitowar da ya fi so an cire ta kuma labarin bai rasa komai ba. Bayan shekara biyar ko shida ya san abin da zai riƙe shiri da shi. Cikin kashi 22 kuma akwai sararin ba mai tace hoto ko mai ɗaukar hoto ko mataimakin darakta kashi ɗaya ya gwada. Da kamfanonin intanet suka mai da zango kashi 8 ko 10, sai aka koma tara marubuta kaɗan na 'yan makonni, su gama rubutu a sallame su tun ba a kafa kyamara ba, daraktoci biyu ko uku masu suna su raba kashe-kashen a tsakaninsu. Mutum na iya yin shekaru yana rubutu bai taɓa taka filin ɗauka ba, rana ɗaya a ce ga shiri na miliyoyin daloli ka riƙe. Wannan na cikin manyan abubuwan da suka kai marubutan Amurka yajin aikin kwana 148 a 2023, kuma yarjejeniyar da ta kawo ƙarshensa ta ƙayyade mafi ƙarancin marubutan da za a ɗauka, ta kuma tanadi a riƙe wasu daga cikinsu har lokacin ɗauka. Abin lura ne cewa ma'aikata ne suka tilasta wa kamfanoni abin da su kamfanonin za su fi kowa cin moriyarsa nan da shekara goma.

Za a ce yanzu akwai alƙaluma: an san minti nawa mai kallo ya yi kafin ya kashe, an san kashin da ya sa ya ci gaba, me za a yi da tsohon hannu? Alƙaluman suna da amfani, kuma shugaban da ya ƙi duba su yana cutar kamfaninsa. Sai dai abin da aka riga aka yi suke aunawa. Suna iya nuna cewa mutane sun watse a minti na 12 na kashi na uku, amma ba su faɗin dalili. Wanda ya zauna a ɗakin tacewa shi zai kalla ya ga cewa matsalar tana minti na 4, inda aka cire fitowar da ta nuna abin da jarumar ke tsoro, don haka da hatsarin ya zo babu wanda ya damu. Wanda bai sani ba sai ya kafa doka cewa daga yau kowane shiri a sa tashin hankali kafin minti na 10, a yi ta maganin ciwon da ba shi ne ba.

Gyaran ba ya buƙatar a koma tsohon zamani, kuma yawancinsa a hannun masu sayen shiri yake. Duk tashar da ta ba kamfani kwangilar shiri mai kashi shida ko fiye, ta rubuta a cikin kwangilar cewa akwai gurbin mai koyon furodusa da albashinsa, kuma kuɗin ya zauna a layinsa na daban wanda ba a taɓawa, domin idan aka cusa shi cikin babban kasafi shi za a fara yankewa ranar da aka wuce lokaci. Shirin da ya kai zango na biyu, wanda ɗakunansa suna tsaye kuma 'yan wasansa sun san halayensu, ya ba sabon darakta kashi ɗaya, bayan ya bi wani darakta daga ranar farko ta share fage har haɗa sauti, tare da gogaggen mai ɗaukar hoto da mataimakin darakta a gefensa. Dogayen shirye-shiryen da ake nunawa kullum ko sau da yawa a mako, waɗanda ake yawan rainawa, a daina kallonsu a matsayin wurin rage kuɗi kawai, domin a can ne darakta ke koyon tsara kyamara uku ko huɗu a lokaci ɗaya da fitar da minti 20 a rana, kuma duk wanda aka rufe an rufe aji ne.

Su kansu shugabannin, wanda ya zo ta ɓangaren talla ko shari'a ko lissafi, kafin a ba shi ikon yin gyara a rubutun wani, ya bi shiri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe: ya zo lokacin da masu haske ke zuwa, ya tashi lokacin da suke tashi, ya karanta rahoton kuɗi na mako-mako, ya zauna a tacewa. Ziyarar awa ɗaya da rana ba ta koyar da komai, domin kowa yana gyara zama idan babba ya shigo. Gyara ta fito daga baki ɗaya, a rubuce, cikin kwanakin da aka amince tun farko, kuma wadda ta zo bayan an rufe hoto tashar ce za ta biya, ba kamfanin da ya yi shirin ba. Sannan a bar shugaba ya daɗe. Daga ranar da aka amince da labari zuwa ranar da ya fito a allo yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa uku. Wanda ake canzawa duk shekara biyu yana cin yabo ko zargi a kan abin da wani ya zaɓa, ya tafi kafin nasa ya fito, wanda ya gaje shi kuma ya soke rabin abin da ya tarar don ba nasa ba ne, bayan an riga an biya marubuta, an riƙe 'yan wasa da kwangila, wani lokaci har an fara gini a situdiyo.